Me Ya Sa Kasuwar Hannun Jari Ta Fi Tattalin Arziki Rawar Kai?

Shugaban taro, shehunnan malamai, ɗalibai, da 'yan kasuwar da suka bar shagunansu suka zo, barkanmu da haɗuwa.

An nemi in yi magana kan alaƙar hawa da saukar tattalin arziki da tangal-tangal ɗin farashin hannun jari. Zan rataya maganar a kan binciken mutum ɗaya, Robert Shiller, masanin tattalin arziki ɗan Amurka da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Yale.

Tattalin arziki ba ya tafiya a miƙe, wannan tsohon sani ne. Akwai shekarun da ciniki ke gudu, masana'antu na neman ma'aikata, sai kuma a shiga shekarun da kaya ke kwantai, ana sallamar mutane. Wani likita Bafaranshe, Clément Juglar, ya rubuta littafi kan wannan zagaye tun 1862, kuma a 1946 Arthur Burns da Wesley Mitchell suka shimfiɗa hanyar auna shi a Amurka. Abin da ya rage a warware shi ne matsayin kasuwar hannun jari a cikin zagayen: madubinsa ce, ko tana da nata zazzaɓin daban?

A shekarun 1970 ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne na Eugene Fama na Jami'ar Chicago. A ganinsa farashin hannun jari ya riga ya haɗiye duk wani labari da ake da shi kan kamfani, don haka idan ya motsa, sabon labari ne ya iso. Shiller ya ce to a gwada. Wanda zai sayi gidan haya, abin da yake saye a zahiri shi ne kuɗin hayar da zai riƙa karɓa shekara da shekaru. Idan haya ba ta cika sauyawa ba, amma kuɗin gidan ya ninka bana, ya zube baɗi, dole a tambayi dalili. Haka hannun jari yake: hayarsa ita ce ribar da kamfani ke raba wa masu hannu.

Sai ya ɗauko alƙaluman kasuwar Amurka daga 1871 zuwa 1979. A kowace shekara ya lissafa farashin da ya kamata a biya da a ce mai saye ya san ainihin ribar da za a raba a shekarun gaba. Wannan farashin lissafi ya fito kusan a miƙe, yana hawa a hankali. Farashin da aka yi ciniki da shi kuwa sai tsalle yake sama da ƙasa. A maƙalar da ya buga a 1981 ya nuna cewa rawar farashi ta ninka abin da sauyin riba zai iya bayyanawa sau 5 zuwa 13. Ku lura da nauyin wannan magana. Hasashe mai hankali bai kamata ya fi abin da ake hasashensa rawa ba, amma ga shi nan ya fi shi nesa ba kusa ba. Stephen LeRoy da Richard Porter ma sun kai ga irin wannan sakamako a shekarar.

Ba a bar shi ya sha ruwa ba. Wasu suka ce manajojin kamfanoni da gangan suke daidaita ribar da suke rabawa don kada ta riƙa hawa da sauka, saboda haka ma'aunin nasa da gyara. Fama da Kenneth French suka zo da amsa mai ƙarfi a 1989: a lokacin matsi mutane kan ji tsoron kasada, ba sa sayen hannun jari sai da araha, a lokacin yalwa kuma su saki jiki. Ke nan rawar farashi na bin zagayen tattalin arziki, kuma ba hauka ba ce. A shekarar dai William Schwert na Jami'ar Rochester ya bi alƙaluma daga 1857 zuwa 1987, ya tabbatar cewa kasuwa ta fi tangal-tangal a lokacin koma baya. Amma ya kuma gano cewa girgizar da aka yi tsakanin 1929 da 1939 ta wuce abin da sauyin samar da kaya, kuɗin ruwa ko hauhawar farashi za su iya bayyanawa.

Ni a nawa hukuncin, Fama na da rabin gaskiya, amma ranar Litinin 19 ga Oktoba 1987 ta tsaya wa Shiller shaida. A yini ɗaya ma'aunin Dow Jones na kasuwar Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari. Ba yaƙi aka fara ba, ba wani babban banki ne ya rushe ba. Shiller ya yi abin da masana tattalin arziki ba su saba yi ba: cikin kwanaki ya aika wa masu zuba jari takardun tambaya. Abin da ya fi fitowa a amsoshin shi ne mutane sun sayar ne domin sun ga farashi na faɗuwa. Kuma tattalin arzikin Amurka bai shiga koma baya ba a 1988. Dama tun 1966 masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya yi wa kasuwar ba'a cewa ta hango koma baya tara daga cikin biyar da aka yi.

To yaushe faɗuwar kasuwa ke jan ƙasa da ita? Ku kwatanta lokuta biyu a Amurka. Littafin Shiller mai suna Irrational Exuberance ya fito a Maris na 2000, watan da ma'aunin Nasdaq ya haura 5,000. Daga nan zuwa Oktoba 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin ɗari, amma koma bayan 2001 wata 8 kawai ya yi. Na 2007 zuwa 2009 kuwa wata 18 ya ɗauka, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari. Bambancin bashi ne. A na farko yawanci mutane kuɗinsu suka yi asara. A na biyu gidaje aka saya da rancen banki, da farashinsu ya karye sai ya karya bankunan, bankuna kuma suka daina ba masana'antu rance.

Wannan darasi mun karanta shi da aljihunmu a Najeriya. A 2004 Babban Banki ƙarƙashin Charles Soludo ya umarci kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25. Suka fito neman kuɗi ta hanyar sayar da hannun jari, ma'aikata da 'yan fansho da ba su taɓa sanin dillalin hannun jari ba suka shiga layi. Mafi muni, bankuna suka riƙa ba da rance don a sayi hannun jari, wani lokaci ma nasu na kansu. A Maris 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya wuce 66,000. Cikin shekara guda ya sauko wajen 20,000, alhali a alƙaluman hukuma tattalin arzikin ƙasa bai daina haɓaka ba. Faɗuwar farashin mai da janyewar masu jari na waje sun taimaka, amma rancen ne ya mai da asarar 'yan kasuwa ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A Agusta 2009 magajin Soludo a Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5, kuɗin ceton da aka zuba ya kai naira biliyan 620 daga baya, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON don ta kwashe basussukan da suka ruɓe.

A 2013 aka ba Shiller da Fama kyautar Nobel tare, da na ukunsu Lars Peter Hansen. Kwamitin bai raba gardamar ba, mu ma ba za mu raba ta a zauren nan ba.

Roƙona ga ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku ne. Kasuwar Legas na ciniki tun 1961, ma'auninta ya fara daga 1984, rahotannin ribar kamfanoni kuma suna nan a ajiye. Ku ɗauko su ku yi musu gwajin da Shiller ya yi, ku ware shekarun da rancen banki ya kwarara cikin kasuwa daga sauran, ku kawo mana sakamakon mu tattauna shi a nan.