Wanda Ya Faɗo Daga Gini Yana Da Hakki



Shugabannin ƙungiya sun ba ni ƴan mintoci a wannan biki, ni kuma na zaɓi in yi magana a kan aikin da yawancinmu muka sani da hannunmu. Da an gama girbi aka cika rumbu, sai ku ga samarin Dawce sun watse: wasu Matameye, wasu Damagaram, wasu su ƙetara ta Ɗan Barto zuwa Kano da Abuja, wasu har Aljeriya. Me ake yi a can? Mafi yawa aikin gini ne: kwaɓa siminti, buga bulo, hawa da kasko a ka ranar zuba dal. Wani ya dawo da babur. Wani kuma a dawo da shi kwance a bayan mota, da kuɗin magani na kwana uku da “Allah ya sawwaƙe” daga mai aiki, shi ke nan.

Mu kan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, babu musulmin da zai musa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa shafe hakkin wani a kan wani ba. Waɗanda suka yi karatun Risala a zaure sun san babin jini da haddi: an yanka wa kowane yatsa raƙuma goma, haƙori raƙuma biyar, hannu ɗaya rabin diyyar rai. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara, duk da haka suka zauna suka yi wa gaɓoɓin mutum lissafi. Sun kuma bambanta tsautsayi zalla da wanda sakacin wani ya jawo. Wanda ya sa yaro hawa ruɓaɓɓen katako don kada ya sayi sabo, ku tambayi malamanmu ga su nan zaune, ba zai ɓuya bayan ƙaddara ba.

To, dokar ƙasa fa? Nijar tana da dokar aiki mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, tana kuma da asusun CNSS, wanda ɗaya daga cikin rassansa uku aikinsa ke nan: haɗarin wurin aiki da cutar da aiki ya jawo. Mai aiki ne ke zuba kuɗin wannan reshe, kashi 1,75 cikin ɗari na albashi, ba a cire ko dala daga hannun ma'aikaci don shi. In haɗari ya faru, wajibi ne mai aiki ya kai rahoto cikin awa 48. Daga nan asusun ya ɗauki kuɗin magani, ya riƙa biyan mai rauni rabin kuɗin yininsa har kwana 28, daga rana ta 29 kuma kashi biyu cikin uku. In rauni ya bar naƙasa, likita ya auna girmanta a yanka wa mutum abin da za a ba shi. In rai ya yi halinsa, mata da marayu suna da rabo. Har haɗarin da ya same ka a hanyar zuwa aiki ko komawa gida yana ciki.

Mu yi lissafi kaɗan. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jaka 42 ne a wata, wato CFA 1.400 a yini. Rabinsa 700, dala ɗari da arba'in. Ba shi da yawa, na sani. Amma ga magidancin da ya karye a ƙugu, wanda zai yi wata huɗu bai ɗaga bulo ba, shi ne bambanci tsakanin cin hatsin rumbu da sayar da gonar gado.

Na san abin da za ku ce: “Mu ai leburori ne na yini, wa ya rubuta sunanmu?” Nan matsalar take, kuma nan nake so mu daɗe. Mafi yawan masu ɗaukar mu ba su taɓa kai sunanmu CNSS ba. Sai dai rashin rajistar laifin mai aiki ne, ba naka ba, kuma bai fitar da kai daga sahun ma'aikata ba. Wanda ya yi wa wani aiki ƙarƙashin umurninsa don a biya shi, ma'aikaci ne, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Abin da ke kayar da mu shi ne hujja. Bayan wata biyu an watse, ɗan kwangila ya koma wani gari, ya ce bai taɓa ganin ka ba. Don haka ranar da ka fara aiki, san cikakken sunan wanda ya ɗauke ka da na mai ginin. In abokinka ya faɗi, bayan an tsayar da jini, ɗauki hoton wurin da wayarka, rubuta rana da lokaci da sunayen mutum biyu da suka gani. A kai shi asibiti a karɓi takardar likita tun ranar farko. Ban raina masu ɗori ba, sun gyara ƙafafu da yawa a ƙasar nan, amma ba sa ba da takarda, kuma ofis takarda yake karantawa.

In mai aiki ya ƙi kai rahoto, kai ko iyalinka kuna iya zuwa wurin sufeton ƙwadago a Damagaram, kuma kada a yi jinkiri. Shi zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: in ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauke ka ya kasa biya, a wurin ginin babban ɗan kwangila, doka tana mayar da nauyin kan babban.

Masu tafiya Nijeriya, can ma akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da asusun NSITF, inda mai aiki ke zuba kashi 1 cikin ɗari. Kun tuna benen mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da arba'in suka mutu, mafi yawansu masu aiki ne a wurin. A irin wannan rana, wanda ya tafi bai bar wa kowa sunan wurin aikinsa ba, ko neman gawarsa wahala ne, balle neman hakkinsa.

Sulhun da dattawa ke yi a gida abu ne mai kyau, kuma yafiya tana da lada. Amma mutum ya fara sanin abin da yake bi kafin ya yafe, kuma hakkin maraya ba na kawunsa ba ne da zai yafe shi don kunyar Alhaji.

Shawarata ga shugabanni ita ce ƙungiya ta sayi littafi guda, a ajiye wurin magatakarda. Duk ɗan ƙungiyar da zai tafi cin rani bana ya rubuta garin da za shi, da wanda zai yi wa aiki, da lambar wani da ke tare da shi. A kuma zaɓi mutum biyu masu karatun Faransanci da za su raka duk wanda ya ji rauni zuwa ofis. Ina roƙon a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, kafin a ɗaure hatsi.