Jawabi a kan ƴaƴanmu masu shiga ɗakin gwajin shimi



Abin da ya sa muka roƙi izinin magana yau shi ne, yaran Madarumfa da yawa sun wuce kwalej, waɗansu suna lise, waɗansu suna jami'ar Maraɗi. Wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, marigayi Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, haifaffen Maraɗi ne a 1934, kuma malamin shimi ne kafin ya zama ministan ilmi zamanin Jori Hamani. To, shi wannan ilmin shimi, watau sanin haɗa sinadarai, ba a gama shi a allo. Sai yaro ya shiga ɗakin gwaji ya haɗa da hannunsa, malami na tsaye yana ba da maki. Ranar jarrabawa kuwa kun san yaro: ga tsoro, ga sauri, hannu na rawa. Nan ne ake rasa ido.

Kada dattawa su ce wannan maganar ƴan boko ce. Abin da ke cikin kwalaben nan yana cikin gidajenmu. Ɗaya daga cikin asid ɗin da suke aiki da su, shi ne ruwan batirin mota. Sodar da suke auna ƙarfinta, ita ce matanmu ke yin sabulu da ita. Jabel kuwa kowa ya san shi.

Dokar farko, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi. Asid ake ɗigawa cikin ruwa, sannu sannu, ana motsawa. In aka juya, zafi ne ke tashi nan take, ya tafasa ya fantsamo wa mutum a fuska. Haka soda: ita ake sa wa ruwa, kuma ku lura yadda roba ke ɗaukar zafi in mata na jiƙa ta.

Sodar nan muna so mu daɗe a kanta, domin an raina ta. Asid yana da zafi, yaro zai yi ihu ya gudu wajen ruwa. Soda kuwa santsi take fara yi a hannu kamar sabulu, alhali fata take narkarwa. In ta shiga ido ta fi asid ɓarna, don ratsawa take yi ciki. Maganin farko ruwa ne, mai yawa, a buɗe idon da yatsa a yi ta kwarara aƙalla minti 15, agogo a hannu, sa'an nan a nufi likita. Minti 15 yana da tsawo ga mai kuka, amma kada a rage. Ban da man shanu, ban da man goge haƙori, ban da ƙwai. In kuwa an haɗiye ta, kada a sa mutum amai, don za ta sake ƙone maƙogwaro wajen fitowa. Likita kawai, a tafi da kwalbar.

Shi ya sa ake hana yaro tsotso ruwan gwaji da baki ta cikin siririn bututun awo; akwai ƴar roba da ake matsawa. Ba ci, ba sha, ba goro a ɗakin. Ba a kafa hanci a bakin kwalba, da hannu ake kaɗo iskar kaɗan. In ana ɗumama bututu a wuta, bakinsa ya dubi bango, kada ya dubi abokin zama. Jabel kuma ba a gama shi da asid ko kaɗan: iskar da ke fita ita ce aka kashe sojoji da ita a Beljiyam a 1915.

Sai tufa, kuma nan ne namu aikin yake. Yaro na bukatar farar riga ta auduga mai dogon hannu, da tabarau na kariya, da takalmi rufaffe. Mun ga ɗanmu ɗaya ya tafi gwaji da silifa da rigar ƴan ƙwallo, don abin da yake da shi ke nan. Irin wannan yadin na leda in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a jiki. Ƴan mata su zaɓi hijabin auduga, su cusa gefensa cikin rigar, kada ya yi lilo bisa wutar gas. In tufa ta kama, ba gudu. A kwanta a yi birgima, a rufe da bargo.

Saboda haka muna roƙon taro ya yarda a cire wani abu daga asusun ƙungiya a saya wa kowane ɗalibin shimi riga da tabarau tun kafin jarrabawa. Telolinmu na kasuwa za su iya ɗinka rigar in an kawo yadin. Ƴan'uwa na Kano da Yamai, tabarau ya fi samuwa wajenku, ku aiko ta hannun direbobi. Iyaye kuma su kawo wa magatakarda sunayen yaransu da ajinsu kafin taro mai zuwa. Mata masu sabulu da ke son tabarau su ma su rubuta suna, a haɗa a saya gaba ɗaya.