Babur Mai Mutuwa In Ya Yi Zafi: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Zuru

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Zuru, Jihar Kebbi. Ya ce yana da tsohon babur Suzuki A100 wanda ya gada wurin mahaifinsa, da shi yake kai dawa kasuwa. Da safe bugu ɗaya yake tashi, amma kafin ya kai Dabai ya dawo sai ya fara tari, ya mutu. In ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba. An wanke kafireto sau uku, ya sayi sabon batir, duk a banza. Ga kaka ta zo, an ce ya sayar.

To Malam, kada ka sayar tukuna. Kuɗin batir kuwa, sai haƙuri, ka yi asara. Irin wannan babur ba daga batir yake samun wutar filogi ba, magineto ne ke haɗa ta, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen inji. Aikin batir hon da sigina.

Ga abin da za ka yi, kuma a kan hanya za ka yi shi, lokacin da ya mutu yana da zafi, ba a gida ba bayan ya huce. Ka sa tsumma ka kwance filogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin, ka buga kik. Kada ka riƙe da hannu tsirara, zai ja ka, kuma ka tabbata fetur bai zube kusa ba. In ka ga wuta shuɗiya mai ƙara, tas-tas, laifin ba na wuta ba ne. Buɗe murfin tanki, wani lokaci 'yar kafar iskarsa ce ƙura ta toshe, mai ya kasa sauka. In kuwa wutar ja ce, raunanna, ko babu ita sam, to mun kama ɓarawo.

Ni dai zargina ya fi ƙarfi a kan kwandansa. Wani ɗan gwangwani ne, bai kai kan yatsa ba, yana bayan magineto tare da kwantak. Aikinsa ya shanye tartsatsi duk sa'ad da bakin kwantak ya buɗe, don wuta ta tafi kwayil da ƙarfinta. In ya tsufa, da sanyi yana aiki, da zafi sai ya saki. Shaidarsa ita ce bakin kwantak: za ka gan shi ya ƙone, ya yi rami-rami. Kwayil ma yana irin wannan hali, in wayar cikinsa ta tsinke, zafi ya buɗa ta, sanyi ya haɗa. Amma a fara da kwandansa, shi ya fi araha. A canja shi tare da kwantak, a daidaita buɗewar bakin tsakanin milimita 0.3 da 0.4, na filogi kuma 0.6 zuwa 0.7. Makanike na gari yana da ma'aunin wannan. Wanda ya ce da ido yake aunawa, to, ka yi masa sallama.

Af, na tuna. Tun da babura irin su Bajaj da Jincheng suka cika gari, yaran gareji da yawa akwatin CDI kawai suka sani, wasu ba su taɓa kwance kwantak ba. Ka nemi dattijon makanike wanda ya yi zamani da Benli da Rodmasta. Kuma kada ka yarda a buge magineto da guduma don a cire shi, akwai abin zare shi na musamman. Guduma na raunana maganaɗisu, tana kuma lanƙwasa sandar inji.

Mutanen Ribah da Mahuta da Dirin Daji masu ratsa rafi da damina, naku ya fi sauƙi: in ya mutu bayan shiga ruwa, ku fara goge hular filogi da wayarta.

Malam, in an gyara ka rubuto mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.