Gyaran hali ko ɓoye yaro? Jawabi kan muhawarar ABA

 

Duk wanda ya nemi bayani kan otizim a intanet zai ci karo da ABA. Hanya ce ta gyaran hali: a karkasa aiki ƙanana-ƙanana, yaro ya yi daidai a ba shi lada, a yi ta maimaitawa. Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ne ya fito da sunanta. A 1987 ya ce cikin yara 19 da aka horar awa 40 a mako, 9 sun shiga aji ɗaya da sauran yara. Daga baya masana suka soki yadda aka raba yaran a binciken.

Amma suka mafi zafi daga masu otizim ɗin ta fito, waɗanda suka girma suka yi magana. Ƙungiyarsu ASAN, da aka kafa a Amurka a 2006, na cikin masu adawa. Wasu sun ce an hana su kaɗa hannu da jijjiga jiki, alhali da shi suke kwantar da hankalinsu. An tilasta musu kallon ido. Ku ji fa! Mu nan, yaron da ya ƙura wa babba ido, marar kunya muke ce masa. To halin wa ake kira "daidai"?

Akwai kuma tarihin azaba. Lovaas ya yi amfani da mari da wutar lantarki. Hukumar FDA ta haramta na'urar shokin da cibiyar Judge Rotenberg ke amfani da ita a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021.

Masu kare ABA na cewa ta yau ta canza, wasa ya maye gurbin horo. Akwai iyayen da ɗansu ya koyi neman ruwa, ya daina buga kansa da bango. Ba zan raina wannan ba.

Ga matsayina. Duk mai son ya horar da ɗanki, Hajiya, tambaye shi: me za a koya masa, don amfanin wa? In ya ƙi, ya za a yi da shi? Zan iya zama in gani? Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2008, yaran nan suna ciki. A koya wa yaro ya faɗi buƙatarsa, har da cewa a'a.