Magana ga Mai Koyon Gyaran Agogo

 Maganarmu ta yau a kan gyaran agogo ce, irin agogon hannu da a ke wanawa, wanda ba ya aiki da batir. Da kai ni ke magana musamman, saurayi, kai da ka sayi 'yan sukuddireba da hantsaki, kana marmarin koyon wannan sana'a.

Na san wani yaro wanda ubansa ya rasu ya bar masa agogo. Agogon ba mai tsada ba ne, amma shekara da shekaru yana hannun tsohon. Wata rana ya tsaya. Yaron ya ɓamɓare bayansa da wuƙa, ya kwance sukurori, ya zuba kayan a faranti, ya wanke. Da ya zo mayarwa, sai murfin da ke rufe wiloli ya ƙi zama. Ya ce, ai ɗauri ya ke so. Ya murɗa sukuru da ƙarfi, sai ya ji wani abu ya ce ƙas. Ashe tsinin wili ɗaya ne ya karye. Da ya kai wa mai gyara a kasuwa, mutumin ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Yarona, da datti kaɗai ya tsayar da shi. Yanzu kuwa sai an samo wili irin nasa, ga shi an daina ƙera su." Agogon nan yana cikin akwati har yau.

To, domin kada abin da ya sami yaron nan ya same ka, sai ka fara sanin yadda agogo ke aiki. A ciki akwai wani dogon sifirin naɗe cikin 'yar ganga. Sa'ad da ka wana agogo, shi ka ke matsewa. Yana so ya warware, sai ya tura wili mai haƙora, wannan kuma ya tura na kusa da shi, har ƙarfin ya kai ga wani ɗan ƙarfe mai kamar gwafa. Gwafar nan ita ce mai tsaron ƙofa. Ba ta barin ƙarfin ya wuce sai kaɗan kaɗan, bisa ga umurnin wani wili mai lilo, wanda ke kai da kawowa da taimakon wani sifirin siriri kamar gashi. Wani masani mutumin Holan, Christiaan Huygens, shi ya fito da wannan dabara ta gashin agogo a 1675. A yawancin tsofaffin agogo, wilin nan ya kan buga sau 5 cikin daƙiƙa ɗaya, wato sau 18,000 a sa'a, sau 432,000 a dare da rana. Tsinin da ya ke juyawa a kansa kuwa bai fi kaurin gashin kanka ba sai da kaɗan. Ka gani, abu irin wannan ba ya jure ƙarfin hannun mutum.

Saboda haka, kada ka fara koyo da agogon gado ko na wani. Ka nemi mai araha wanda ko ya lalace ba mai kuka. In da hali, ka sami mai manyan kaya. Masu koyo da yawa su kan fara da injin da a ke kira Unitas 6497, na ƙasar Suwizalan, wanda aka ƙera tun asali domin agogon aljihu. Faɗinsa ya fi milimita 36, ido yana ganin kome. Ana yin irinsa mai sauƙin kuɗi a ƙasar Sin.

Kafin ka taɓa wili ko ɗaya, ka sauke ƙarfin babban sifirin. Ka riƙe ɗan kan da a ke wanawa da shi, ka janye 'yar sakatar da ke tare babban wili da tsinke, ka bar kan ya riƙa zamewa a hankali tsakanin yatsunka har ya tsaya. In ka cire gwafa da sauran ƙarfi a ciki, wiloli za su ruga a guje, haƙora su zube. Kowane mataki kuma ka ɗauki hotonsa da wayarka, gama abin da ka ke tsammani za ka tuna, gobe ka manta. Sukurorin kowane murfi ka ajiye su tare da murfinsu. Ka lura kuma, akwai sukuru ɗaya a kan ƙaramin wilin wani, wanda a agogo da yawa zarensa na hagu ne. In ka juya shi yadda ka saba, ɗaurewa ka ke yi, har kansa ya tsinke.

Kada ka kama kayan da yatsa, gama gumin hannu yana kawo tsatsa. Ka rufe su da kofin gilashi, balle da hunturu sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina. Gwafa da wili mai lilo, kada ka jiƙa su cikin sifirit, domin duwatsunsu da wani irin ƙaro aka manne su, sifirit kuwa yana narkar da shi. In agogon tsoho ne, na kafin 1970, mai lambobi da aka shafa wa fenti mai haske da dare, kada ka kankare fentin ko ka hura ƙurarsa. Waɗansu da radiyam aka yi su, shaƙarsa tana cutar da jiki.

Yanzu mun zo wurin da yaron nan ya faɗi, wato mayarwa. Kowane wili yana da tsini sama da ƙasa, kowane tsini kuma yana da raminsa cikin ɗan jan dutse. Duwatsun nan yakutu ne na ƙira, su ne a ke nufi in ka ga an rubuta 17 a fuskar agogo. Ka ɗora murfin, kada ka ɗaure. Ka sa tabaranka, ka riƙa taɓa wiloli da bakin hantsaki ɗaya bayan ɗaya, har kowane tsini ya faɗa raminsa. Murfin da kansa zai kwanta. Sa'an nan ka ɗan tura ganga. In duka wiloli sun juya sumul, to ka ɗaure kaɗan, ka sake gwadawa, ka ƙara ɗaurewa. In ya ƙi zama, akwai abin da bai shiga wurinsa ba. Ka ɗaga, ka sake, ko sau goma ne. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Mai kuma, na agogo ne kaɗai ya dace. Man keken ɗinki ko man gyaɗa za su daskare, su kama ƙura. Ɗigon da a ke sawa a dutse, da ƙyar ido ke ganinsa. Wili mai lilo shi ne na ƙarshe. In ka yi wani kaɗan, ka saukar da shi daidai cikin bakin gwafa, za ka ga ya tashi da kansa ya soma bugawa. Ran da ka fara ganin wannan, murna za ta hana ka zama.

Sauran magana ɗaya. Ranar tana zuwa da mutane za su miƙa maka agogonsu su tafi. Ba za su ga abin da ka yi a ciki ba. Wanda ka san ya fi ƙarfinka, ka ce ya fi ƙarfinka, ka nuna wa mai shi wurin wanda ya fi ka. In kuwa ka karya wani abu, ka faɗa masa da bakinka, kada ka rufe baya ka ce haka ka same shi. Mai yiwuwa agogon ubansa ne ya ba ka.