Renon Okid na Kan Dutse Daga Iri

Okid dangin furanni ne da ya haɗa da banila, kuma wasu nau'o'insa kan tsiro a kan fa, kamar Polystachya microbambusa, wanda ke kafa saiwa cikin dunƙulen ciyawar da ke manne da manyan duwatsun Afirka ta Yamma. Shuka shi daga iri aiki ne mai wuya, domin ƙwayarsa ƙarama ce kamar ƙura, kuma ba ta ɗauke da guzurin abinci irin wanda ƙwayar dawa ke da shi, don haka a daji ba ta tsira sai wata funfuna ta shige ta tana ciyar da ita.

A 1922, Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa irin na iya tsira ba tare da funfunar ba, muddin aka barbaɗa shi a kan agar, wato daskararren sinadari daga ciyawar teku, wanda aka haɗa da sukari da gishirin ma'adinai cikin kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Tsiron yakan yi watanni a kwalba, fure kuwa sai bayan shekaru.

Wannan aiki ya cancanci kulawar masana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, ganin cewa duwatsu irin su Kufena na kusa da su, kuma fasa dutse da ƙunar daji suna cinye tsirran kan fa tun ba a ƙididdige su ba.