Malam Aminu Kano da Haƙƙin Talaka a Dukiyar Mawadaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya sanya wadata da rashi su zama jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu sarakuna, malamanmu da limamanmu, 'yan kwamitocin masallatai na Anka da Gummi da Bukkuyum, bayin Allah masu fitar da zakka da waƙafi, da jama'ar Bagega masu masaukinmu.

An umarce ni in yi magana a kan rayuwar Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ɗan siyasa da taron zakka? Gidauniyarmu ba ta da jam'iyya, kuma ba mu zo don fama tsohon miki ba. Abin da ya haɗa mu da shi magana ce guda wadda ya ƙare rayuwarsa a kanta, cewa talaka yana da haƙƙi, kuma mai haƙƙi ba ya durƙusawa kafin a ba shi abinsa. A kan wannan harsashi ita ma zakka take.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fiƙihu ne wanda ya yi aiki a kotun alƙali, saboda haka a gidan ilmi ya buɗe ido. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi a 1942, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 aka tura shi Landan ƙarin ilmin koyarwa. Bayan dawowarsa aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, a nan ƙasarmu ta Zamfara. Daga Maru ne ya ajiye aikin gwamnati a 1950, a zamanin da albashin malami mai takardar Ingila ya isa ya zaunar da mutum cikin rufin asiri har tsufa.

Me ya gani da ya sa ya bar wannan inuwa? Ya ga manomi yana biyan haraji ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ya ga makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya. Ya ga aikin tilas, da kuɗin gaisuwa, da shari'ar da mai hannu da shuni yake shiga da ƙarfin gwiwa, talaka ya shiga gabansa yana faɗuwa. Kukansa kuwa yana da tushe a gidanmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya lissafa jangali da gaisuwa cikin al'adun mulkin zalunci a littafinsa Kitabul Farƙi. Malam Aminu ya tunatar da masu mulkin zamaninsa abin da kakanninsu suka yi jihadi a kansa.

Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ya zama shugabanta a 1953. Bayanin manufofinta, wanda aka sani da sanarwar Sawaba, ya faɗi a fili cewa al'umma ta rabu gida biyu, masu riƙe da mulki da talakawa, kuma 'yantar da talaka aiki ne da talaka zai yi da kansa. Mabiyansa sun ɗanɗana kuɗarsu. An ɗaure wasu, an yi wa wasu bulala, wasu sun bar garuruwansu ba don suna so ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da yawa saboda neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, damar da ba ta samu ba sai a shekarun 1970.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnatin Arewa ba. Malam Aminu ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa sannan na lafiya tsakanin 1967 da 1974, ya kafa PRP a 1978. Da gwamnoninta, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka hau mulki a 1979, sai suka soke haraji da jangali. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Duk da muƙaman da ya riƙe, masoyansa da abokan hamayyarsa sun yi ittifaƙi cewa bai tara abin duniya ba. Gidansa na Gwammaja, gidan Mambayya, yau cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. A 2010 likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, noma bai ishi gida ba, sai mutane suka koma haƙar dutse. Dutsen nan yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Zinariyar ta wuce birane da ƙasashen waje, kaburburan kuwa suna nan tare da mu.

Bagega ita ce ta fi jimawa tana jira. Likitoci ba sa iya fara magani sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, domin yaron da aka wanke wa jini zai koma ya sake shaƙa. A watan Mayu 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan likitoci da 'yan jarida da matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta tambaya a bainar jama'a ina aka kwana. Sa'an nan aka share garin, aka fara yi wa yara magani. Haƙƙin yana nan tun farko, abin da ya rasa shi ne mai bibiya. Wannan shi ne darasin Malam Aminu, kuma mun koye shi da tsada.

Addininmu ya riga kowa faɗin haka. Suratul Ma'ariji ta kira rabon mai roƙo da wanda ya rasa da sunan haƙƙi sananne a cikin dukiya. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙididdige kashi takwas na masu cin zakka, ba ta bar wa liman ko attajiri zaɓi ba. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi ya karɓa daga mawadatansu ya mayar wa matalautansu. Don haka mai fitar da zakka bashi yake biya, mu kuma 'yan kwamiti 'yan aike ne. A kan wannan nake roƙon abu huɗu.

Na farko, ga masu harkar zinariya. A mazhabar Imamu Malik, zinariyar da aka haƙo idan ta kai nisabi, wato misƙali 20, kimanin giram 85, ana fitar mata da kashi ɗaya cikin 40 da zarar an tace ta, ba a jiran shekara ta kewayo. Asali kuma a raba zakka a wurin da ta wajaba. Dillalin da ya yi arziki da dutsen Bagega, talakan Bagega ne farkon mai haƙƙi a kansa.

Na biyu, ga kwamitoci. Ku nemi mabuƙaci a gidansa kafin ya zo ƙofarku. Gwauruwa mai marayu, da manomin da rashin tsaro ya raba da gonarsa ya koma Anka gudun hijira, sau da yawa kunya tana hana su miƙa hannu. Jera mutane a rana da ɗaukar hotunan fuskokinsu yana zubar da mutuncin da zakka ta zo ta tsare. Kada kuma dangantaka ko jam'iyya ta shigar da suna ko ta fitar da shi.

Na uku, lissafi a fili. Kowane masallaci ya karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, buhu nawa, dabba nawa, naira nawa, ba tare da ambaton sunayen waɗanda suka karɓa ba. Wanda ya tashi ya yi tambaya a ba shi amsa da sakin fuska. Idan talaka ya saba tambayar kwamitin masallacinsa, zai iya tambayar wanda ya fi kwamiti.

Na huɗu, waƙafi. Zakka ana mallaka wa mabuƙaci ita ne, ba a gina rijiya ko asibiti da ita. Wannan gurbin waƙafi ne, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya tsayar da gonarsa ta Khaibara. Yankinmu yana buƙatar wurin sarrafa dutse a bayan gari, mai ruwan jiƙa shi don kashe ƙura da wurin wanka kafin a koma gida. Yana buƙatar rijiyoyin burtsatse, da tallafi mai ɗorewa ga waɗanda gubar ta naƙasa tun suna jarirai, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Gona ɗaya ko shago ɗaya da aka tsayar domin wannan zai ci gaba da aiki bayan mai shi ya kwanta dama.

An raɗa wa filin jirgin sama da asibitin koyarwa sunan Malam Aminu a Kano, kuma ya cancanta. Mu a nan, girmamawar da ta fi dacewa da shi ita ce rahotonmu na baɗi ya nuna cewa haƙƙi ya isa ga mai shi a kan lokaci, cikin sutura.

Allah Ya gafarta wa Malam Aminu Kano, Ya jiƙan yaranmu da suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa, Ya ba mu ikon sauke amana.